Bin sawun kakan Mama, manomin bakin kogin Dunajec

14 Janairu 2024

A dangin Baba, Allah ya jiƙansa, neman asali ba ya buƙatar takarda. Ka zauna gaban Goggo a Zariya, za ta jero maka kakanni da sana'ar kowa da unguwar da ya zauna har sai ka ce ta huta. Dangin Mama ne aiki. Baba ya tafi Poland karatu a shekarun 1970, ya koyi harshensu a Lodz kamar yadda ake yi wa ɗaliban ƙasashen waje a lokacin, ya wuce Krakow, can ya haɗu da Mama, ya aure ta ya kawo ta Kaduna. Hausa ta zauna daram a bakinta, amma in yarana suka tambaye ta mutanenta na da, labarin ba ya wuce mutum ɗaya, kakanta na wajen uba.

Abu uku ake faɗa a kansa. Manomi ne a wani ƙauye bakin kogin Dunajec, kusa da birnin Tarnow. Ya je Amurka ya dawo da dala ya sayi babbar gona. 'Yan gurguzu sun yi juyin duniya ya shiga gonar haɗaka, ya ƙi. Mama tana ƙarama ya rasu, abin da ta riƙe nasa shi ne gashin baki, da yadda ba ya yanka burodi sai ya zana masa alamar gicciye da bakin wuƙa, in kuma gutsure ya faɗi ƙasa ya ɗauka ya sumbace shi.

Zan bi maganganun nan uku in ga wadda takarda ta tsaya mata. Sunansa ya zauna a cikin gida. A nan Tsoho zan riƙa ce masa.

3 Fabrairu 2024

Lokacin da aka haifi Tsoho babu wata ƙasa Poland a taswira. Rasha da Purushiya (wata daular Jamusawa) da Ostiriya sun yi watanda da ita sau uku, 1772 da 1793 da 1795, ba ta dawo ba sai Nuwamban 1918. Wannan ba tarihin aji ba ne kawai, shi ne ke gaya wa mai bincike harshen da zai tarar a takarda. A ɓangaren Rasha, daga 1868 rajista da Rashanci ake rubuta ta. A ɓangaren Purushiya Jamusanci ne. Namu ƙauyen ya faɗa hannun Ostiriya tun rabon farko, a lardin da suka sa wa suna Galisiya, kuma can da Latin ake rubutu.

Mun yi sa'a. Tun 1784 sarkin Ostiriya Joseph na Biyu ya ba da umarni limaman coci su riƙa rubuta haihuwa da aure da mutuwa a littattafai masu layi-layi, kowane bayani da gurbinsa. Limamin coci shi ne akawun gwamnati a wannan fanni, kuma a haka aka tafi a wannan yanki har ƙarshen 1945. Wanda bai taɓa karanta Latin ba ma, in ya gane kan kowane gurbi, zai iya bin shafin.

9 Maris 2024

Na leƙa Geneteka, rumbun sunaye na intanet wanda 'yan sa kai na ƙungiyar masu binciken asali ta Poland ke cikawa. Sunan zuriyar Mama ya fito da yawa har ya zama ba shi da amfani, ga shi kuma shekarun da nake nema na majami'ar ƙauyenmu ba a kai ga shigar da su ba. Na koma ga mutane. Mama tana da 'yar baffa a Tarnow, wadda muke kira Inna. Jikanta ya yarda zai je ma'adanar takardun cocin Katolika ta Tarnow, inda kwafen littattafan majami'u suke, ya nemo mana shafukan.

21 Afrilu 2024

Shafin baftismar Tsoho ya iso. Farkon shekarun 1880 ne. Na daɗe ina kallonsa kafin in fara karantawa.

Layi ɗaya ne tak, amma an cusa masa kaya: ranar haihuwa da ranar baftisma, lambar gida, sunan jariri, addini, namiji ko mace, ɗan aure ne ko a'a, sunan uba da iyayensa, sunan uwa da iyayenta, iyayen baftisma, har da ungozomar da ta karɓi haihuwar. A layi ɗaya na samu hawa uku na zuriya. Lambar gidan ita ce ta fi komai amfani, domin a ƙauyen gidaje da dama suna ɗaya suke amsawa, kuma sunayen yanka 'yan kaɗan ne ke ta zagayawa tsakaninsu. Da lambar gida ake raba ɗan wane da ɗan wane.

A gurbin matsayin uba liman ya rubuta hortulanus. A tsarin ƙauyen Galisiya manoma hawa-hawa ne. A sama akwai kmieć, mai cikakkiyar gona da dawakin noma. Ƙasa da shi zagrodnik, mai gida da ɗan fili wanda ba ya ciyar da iyali shekara, shi ne Latin ke kira hortulanus. Sai chałupnik, mai bukka kawai, sannan komornik, wanda ke raɓe a ɗakin wani yana biya da ƙarfinsa. Ashe Tsoho a hawa na biyu aka haife shi, gidan hannu baka hannu ƙwarya.

Da na bi lambar gidan gaba da baya, 'yan uwansa suka fito. Kusa da sunayen wasu liman ya dawo daga baya ya zana ƙaramin gicciye da kwanan wata, wato yaron ya koma. Irin waɗannan alamu sun cika shafukan, ba a gidanmu kaɗai ba. Jikan Inna ya haɗo mini da shafukan mutuwa na 1873, shekarar kwalara, inda a gurbin sanadi kalma ɗaya ce ke gangarowa daga saman shafi zuwa ƙasa. Wata yayar mahaifin Tsoho tana ciki.

Kakan Tsoho kuma cikin aikin tilas aka haife shi. Kafin 1848 manomin Galisiya yana noma ƙasar da ba tasa ba ce cikakkiya, kuma dole ya ba da kwanaki a mako yana aiki kyauta a gandun mai ƙasa. A Fabrairun 1846, a wannan yanki na Tarnow ɗin, manoma suka tashi suka afka wa gidajen masu ƙasa, suka kashe kimanin mutum dubu, jagoran da aka fi ambata shi ne Jakub Szela, hukumomin Ostiriya kuma sun zura ido domin masu ƙasar na shirin yi musu tawaye. Shekara biyu bayan haka, a Afrilun 1848, gwamnan Galisiya Franz Stadion ya shelanta soke aikin tilas, manoma suka mallaki filayen da suke nomawa. A ɓangaren Rasha sai 1864. Ke nan tsakanin Mama da mutumin da aka haifa yana bin ubangida aikin dole, mutum uku ne kacal.

2 Yuni 2024

Taswira. A tsakiyar ƙarni na 19 Ostiriya ta auna kowane taƙi na Galisiya domin haraji, aka zana ƙauyuka a ma'aunin 1:2880, kowane fili da lambarsa, da littafin da ke nuna mai shi. Ginin katako ana shafa masa ruwan ɗorawa, na bulo ko dutse ja. A ƙauyenmu jan bai wuce 'yan ɗigo ba, sauran duk ɗorawa ne.

Abin da ya kama idona shi ne siffar gonakin. Dogaye ne sirara, sun taso daga bayan gidaje sun miƙe, an jera su kusa da kusa. Dalili kuwa mun san shi a gida: uba ya mutu, a raba gona tsakanin 'ya'ya, su ma su mutu a sake rabawa, kamar yadda gandun kaka ke komawa fegi-fegi a ƙauyukan Zazzau bayan rabon gado biyu. A Galisiya a tsaye ake tsagawa domin kowa ya samu bakin hanya da ƙasa mai kyau da mara kyau daidai wa daida, har wani filin ya zama da ƙyar keken doki ke juyawa a ciki.

Ma'auninsu morga ce, wadda a ƙasar Ostiriya ta ɗan haura rabin hekta. Filayen da ke ƙarƙashin lambar gidanmu, in an haɗa su, 'yan morga ne da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma a warwatse. A kansu ake shuka dankalin Turawa da kabeji da sha'ir da żyto, ɗan uwan alkama mai jure sanyi da ƙasa mara ƙarfi, wanda da shi ake yin baƙin burodinsu. Damina ɗaya ce a shekara, sanyi ya rufe ƙasa watanni, ƙarshen bazara kafin sabon hatsi ya nuna rumbu ya yi fayau. Wannan ɗan filin shi za a raba wa Tsoho da duk 'yan uwansa da suka rayu.

19 Yuli 2024

Inna ta ce tun yana saurayi yake tafiya cin rani Jamus, gonakin gwoza mai sukari na manyan masu ƙasa, ya fita da bazara ya dawo gab da sanyi. Samari da 'yan matan Galisiya da yawa haka suke yi, suna cewa sun tafi Saksy. Na rubuta shi a matsayin labarin baki, daga Inna.

25 Agusta 2024

Amurka ta tabbata. Na same shi a jerin fasinjojin jirgin ruwa da ya taso daga Bremen ya sauka New York, ta tsibirin Ellis, wurin tantance baƙin da ke shiga Amurka, wanda aka buɗe a 1892. Ta ɓangaren Amurka na samu, domin yawancin jerin da aka ajiye a Bremen an lalata su. Na Hamburg ne suka tsira. An dagula rubutun sunansa da na ƙauyen, amma wani gurbi ya cece ni. Daga 1907 dokar Amurka ta sa ana tambayar kowane baƙo sunan ɗan uwansa mafi kusa da ya baro a gida. A nan ga sunan matarsa, ga ƙauyen.

Ƙasa: Ostiriya. Ƙabila: ɗan Poland. Ya iya karatu da rubutu. Sana'a: ɗan ƙodagon gona. Inda ya nufa: wajen surukinsa, a wani garin haƙar kwal a jihar Pennsylvania. Manomin da muke alfahari da shi, ƙarƙashin ƙasa ya shiga.

Tsawon zamansa kuwa littafin baftisma ne ya nuna mini. 'Ya'yansa suna zuwa a jere, sai aka samu giɓi na 'yan shekaru daidai bayan tafiyar jirgin, sannan haihuwa ta ci gaba gab da 1914. Daga nan wani giɓin kuma.

Na kira Mama na karanta mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, shi ya sa yake tari. Mu muna cewa taba ce." Na ce, "Mama, ko dai duka biyun." Ta ce in ci gaba, kada in tsallake komai.

15 Satumba 2024

Giɓi na biyu yaƙi ne. Ma'aikatar yaƙi ta Ostiriya da ke Vienna tana buga jerin sojojin da aka kashe ko aka raunata ko aka kama, kuma yanzu ana iya duba su a intanet. Tsoho yana ciki a matsayin wanda ya ji rauni, ƙarƙashin rundunar ƙasa ta 57, wadda ake ɗibar mata mutane daga yankin Tarnow. Shekarar haihuwa da ƙauye sun yi daidai.

Yana can, yaƙin ya iso ƙofar gidansa. Sojojin Rasha sun riƙe Tarnow daga Nuwamban 1914, fagen daga ya tsaya a kan kogin Dunajec duk tsawon hunturu, har sai da Jamus da Ostiriya suka fasa shi a farmakin Gorlice da Tarnow wanda ya fara ranar 2 ga Mayun 1915. Ƙauyukan bakin kogin sun sha wuta daga kowane ɓangare, an kwashe dawakai da shanu, an haƙa ramuka a gonaki. Har yau maƙabartun sojojin wannan yaƙi, wajen ɗari huɗu, suna warwatse a yammacin Galisiya.

A nan na fara ganin abin da labarin gida ya tsallake. Cin rani, Amurka, yaƙi. Mutumin ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana barin gona domin gonar ta zauna a hannunsa. To wa ke noma ta? Matarsa, da yara ƙanana, har a hunturun da harsashi ke ratsa ƙauyen. Mama ko sunanta na yanka sai da ta yi tunani kafin ta tuna.

27 Oktoba 2024

Wannan ne ɓangaren da ya fi cin rai, kuma ya fi biya. A reshen Tarnow na ma'adanar takardun ƙasa ta Krakow akwai kundayen ofisoshin masu hatimi, waɗanda ke rubuta yarjejeniyar ciniki da gado. Da harshen Poland suke, rubutun hannu, Mama na karantawa da tabarau ina rubutawa.

Babu babbar gona. Abin da dalar Pennsylvania ta fara yi shi ne sallamar 'yan uwa. Maimakon a tsaga filin uba a tsaye kamar yadda aka saba, Tsoho ya riƙe shi ya biya kowane ɗan uwa da 'yar uwa kasonsu da kuɗi, wani nan take, wani a kan wa'adi. Bayan haka ya sayi siraran filaye biyu daga maƙwabta, ɗaya daga mutumin da shi ma Amurka zai tafi yana neman kuɗin jirgi. Duk abin da ya tara, a ƙiyasina, gonar matsakaicin manomi ce, wadda doki ɗaya ya isa. A ƙauyen da aka haife shi ɗan zagrodnik, wannan ba ƙaramin hawa ba ne, kuma ina ganin daga nan kalmar "babba" ta shigo labarin. Ba zan goge ta ba, zan dai sa lissafin kusa da ita.

Takardun sayen sun nuna rabi nasa, rabi na matarsa. Shi kam ya sa hannu da cikakken suna, haruffan a karkace. Ita gicciye uku ta zana, wani shaida ya rubuta sunanta a gefe.

10 Nuwamba 2024

Ranar 1 ga Nuwamba mutanen Poland ke zuwa maƙabarta da fitilun kyandir da furanni. Inna ta je, ta turo hoton kabarin. Shekarun da ke jikin dutsen sun yi daidai da na littafin coci.

12 Janairu 2025

Tsakanin yaƙe-yaƙen biyu takarda ta yi ƙaranci, sai dai abin da ya faru da yankin gaba ɗaya. Bayan 1929 farashin hatsi ya faɗi warwas, na gishiri da kananzir da ashana bai bi shi ƙasa ba. Mama ta ji mahaifinta yana cewa a gidansu ana tsaga ƙwayar ashana da reza domin ta yi kunni biyu. A Yulin 1934 Dunajec ya yi ambaliyar da har yau ake kwatance da ita, ya cinye amfanin gona gab da girbi.

Wannan kuma ƙasar Wincenty Witos ce, manomi ɗan ƙauyen Wierzchosławice kusa da Tarnow, wanda ya yi firaminista sau uku, a 1920 da 1923 da 1926, bai kuma bar shigar ƙauye ba, doguwar takalma da riga ba laƙtaye. A Agustan 1937 jam'iyyar manoma ta kira yajin aiki, ƙauyuka suka daina kai abinci birane, 'yan sanda suka buɗe wuta aka kashe mutane da dama. Inna ta ce hoton Witos ya daɗe a bangon ɗakin Tsoho kusa da hotunan waliyyansu, kuma ita da idonta ta gan shi.

23 Fabrairu 2025

Inna ta buɗe wani akwatin kwano da ta gada. Rasit ne fal a ciki, kuma su ne suka tsaya wa magana ta uku.

Na farkon na zamanin mamayar Jamus ne, 1939 zuwa 1945. Kowane manomi an yanka masa kason hatsi da dankali da madara da nama da zai kai dole, a kan farashin da bai taka kara ya karya ba. Aladu ana maƙala musu lamba a kunne, wanda ya yanka nasa a ɓoye yana iya ƙarewa a sansani ko ya rasa ransa. Daga Tarnow ɗin nan aka kwashi fursunoni 728 ranar 14 ga Yunin 1940, ayarin farko da aka kai Auschwitz, sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi. Yahudawan birnin, kusan rabin mutanensa kafin yaƙi, waɗanda manoman ƙauye ke ciniki da su ranar kasuwa, an hallaka kusan dukkansu. An kuma ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yan Tsoho mata zuwa aikin tilas a Jamus. Ta dawo bayan yaƙi, ba ta cika son maganar ba.

Rasit na biyu hatimi ne kawai ya sauya. Dokar rabon ƙasa ta 6 ga Satumban 1944 manyan gandaye ta shafa, gonar Tsoho ba ta kai a kalle ta ba. Amma daga ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin gurguzu ta matsa a shiga gonakin haɗaka, daga farkon shekarun 1950 kuma ta dawo da kai amfanin gona na dole. Wanda ya ƙi shiga haɗaka sai a ɗora masa kaso mai nauyi, a laƙaba masa sunan kulak, wato attajirin manomi mai ci da gumin wasu. Rasit ɗin suna ɗauke da sunan Tsoho shekara bayan shekara, a matsayin mai gonar kansa, har suka tsallake 1956, shekarar da sabon shugaban jam'iyyar gurguzu, Gomułka, ya hau mulki yawancin gonakin haɗaka suka watse. Kai kayan dole bai ƙare ba sai farkon 1972, Tsoho bai ga wannan ba.

Ba shi kaɗai ya ƙi ba, kuma ya kamata yarana su san haka. Manoman Poland da yawa sun ƙi, shi ya sa kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar noma ya zauna a hannun masu shi har ƙarshen mulkin gurguzu, abin da bai faru a Rasha ko Jamus ta Gabas ba. A wajena ƙin nasa ba abin mamaki ba ne. Mutumin da ya shiga ramin kwal domin kada a tsaga fili, ba jami'in jam'iyya ne zai zo da takarda ya karɓe shi ba.

30 Maris 2025

Na fara haɗa wani ɗan littafi na tarihin Tsoho, shafi da Hausa shafi da harshen Poland, domin jikokin Inna su ma su karanta. Kowace magana na sa mata alama: wannan daga takarda, wannan daga bakin Mama, wannan daga bakin Inna. Mama ta dage sai an sa labarin burodi a shafin farko, kafin duk wata taswira, kuma na bar mata.

Saura abu uku. Na aika tambaya ma'adanar Arolsen da ke Jamus, inda ake ajiye takardun waɗanda aka kai aikin tilas, game da 'yar Tsoho. Jikan Inna zai nemo littafin rajistar ƙasa na kotu, wanda aka fara buɗewa a Galisiya a shekarun 1870, mu ga hannun da kowane fili ya koma bayan rasuwarsa. Sai matarsa. A takardar aurensu akwai lambar gidan iyayenta, a ƙauyen da ke tsallaken kogi, ƙarƙashin wata majami'a dabam. Na tura wa yaron lambar da shekarun da zai fara dubawa, ya ce sai bayan hutun Ista.